Yini da Allah a Ɗan Iya

Wanda yake zaune a Ɗan Iya, ko a wata unguwa ta cikin garin Bauchi, ba ya bukatar agogo don ya san inda rana ta kai. Ladanai sun ɗauke masa wannan nauyi. Asuba, azahar, la'asar, magariba, lisha, sau biyar ana tsayar da gari a tuna masa da Mahaliccinsa, mai shago ya ja ƙofa, mai keke Napep ya tsaya a bakin masallaci. Musulmi ya gaji wannan tsari a shirye, kuma tsari ne mai kyau ƙwarai. Maƙwabcinsa Kirista kuwa, in aka cire ranar Lahadi da 'yan tarurrukan tsakiyar mako, babu mai hawa lasifika ya kira shi. 'Yan Katolika suna da addu'ar ƙarfe 6 na safe, da 12 na rana, da 6 na yamma, ta tunawa da saƙon da mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Maryamu, amma ita ma sai na kusa da coci ne ke jin ƙararrawarta. Sauran masu bi, na ECWA da COCIN da Baftis da Angilikan, kowa an bar masa yininsa a hannunsa. Ga shi kuma Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, bai ƙayyade sau uku ko sau bakwai ba. Abin da ya nema shi ne kada addu'a ta yanke.

To, mace mai 'ya'ya biyar, da tandar masa a kan wuta tun duhun asuba, da mai garuwa yana jiran kuɗinsa a ƙofar gida, ta yaya za ta yi addu'ar da ba ta yankewa? Akwai masu yi, kuma na daɗe ina kallonsu da sha'awa. Abin da na gane shi ne, gwaninta ce. Ana koyonta a hannun wanda ya iya, tana da dabarunta, akwai ɗan koyo akwai gwani. Alherin Allah ne yake riƙe mutum, wannan babu mai bin da zai ja da shi. Amma shirya yini yadda zuciya za ta riƙa komawa wurin Mai alherin, wannan aikin ɗan Adam ne, kuma wasu sun fi wasu iyawa nesa ba kusa ba. A Bauchi, in ana neman waɗanda suka fi kowa iyawa, sai a nufi matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci.

Kayan aikinsu kaɗan ne, kuma suna da tarihi. Bauchi gari ne na Musulunci tun da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, kuma a zamanin Turawa ba a cika barin 'yan mishan su yi wa'azi a biranen sarakuna ba. Saboda haka bishara ta fara kama ƙasa ne a kewaye: a ƙasar Zaar ta Tafawa Ɓalewa da Bogoro, a cikin Jarawa, a ƙasar Tangale da Waja da ke Jihar Gombe yanzu, da kan tsaunukan Filato. Mishan ta SIM, wadda mutanenta na farko suka sauka Najeriya a 1893, ita ta haifi ECWA a 1954. SUM kuma, wadda Karl Kumm ya kawo Wase a 1904, ita ce uwar COCIN. Da aikin gwamnati da makaranta da jirgin ƙasa da kasuwa suka janyo 'ya'yan waɗannan ƙabilu zuwa birni, musamman bayan Bauchi ta zama hedikwatar jiha a 1976, sai suka tarar harshen da zai zaunar da su a benci ɗaya shi ne Hausa. Da ma an tanadar musu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller, Likita Mila na Zariya da Wusasa, ya ba shekaru masu yawa na rayuwarsa tare da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa. Ga kuma Littafin Waƙoƙi. Littattafan nan biyu, sau da yawa bangonsu ya ci ɗinki, suna kwance cikin jakar hannu ɗaya da kuɗin cefane, su ne duk jarin gwanar da nake magana a kanta.

Aikin yana farawa kafin gari ya waye. Da yawa daga cikin iyayen nan kiran assalatu ne ke tashe su, kuma ba sa ɓoye hakan. Za ka ji uwa tana buga ƙofar 'ya'yanta tana cewa, "Maƙwabta sun tashi neman Allah, ku kuna kwance?" Wasu sukan yafa zane su tafi addu'ar asuba a coci in yana kusa, ko da hunturu ya kankama. Mafi yawa kuwa a bakin gado suke durƙusawa. Ƙa'idar farko da ake koya wa yarinya ita ce, baki ya fara da godiya kafin roƙo. An kwana, an tashi, yara suna numfashi, rufin ɗaki yana nan. Mai fara yini da lissafin abin da aka ba ta, damuwarta takan sami ƙaramin wuri idan ta iso.

Sai roƙo domin mutane, kuma a nan ne na fara ganin basira. Gwana ba ta rubuta sunaye a takarda, kuma da wuya ta manta da kowa, domin tana bin fasalin gidanta ne. Takan fara da wanda ke kwance kusa da ita, ta bi ɗakunan yara ɗaya bayan ɗaya, har da wanda yake makaranta a Jos ko aikin soja a Maiduguri, domin gadonsa yana nan. Ta fita tsakar gida ta ɗauki 'yan haya, ta tsallaka katanga zuwa gidan Alhaji da matarsa mai ciwon ƙafa, ta bi layi, ta kai ga Baba Fasto da dattawan ikkilisiya, ta ƙare da Mai Martaba Sarki da gwamna da shugaban ƙasa, kamar yadda wasiƙa ta fari zuwa ga Timoti ta umarta a yi wa masu mulki addu'a. Bukatar kanta ce ke zuwa daga ƙarshe. Duk wannan ba ya wuce 'yan mintoci, amma lokacin da za ta miƙe ta riga ta ratsa unguwar da zuciya, kuma duk wanda za ta gamu da shi a hanya ta riga ta ambace shi a gaban Allah. Yana da wuya ka yi wa mutum baƙar magana da hantsi bayan ka roƙa masa albarka da asuba.

Bayan addu'a sai karatu. A gidajen ECWA da yawa ana buɗe Abincin Yini, ɗan littafin nan da ke ba kowace rana nassinta da taƙaitaccen bayani. Ɗan koyo yakan so ya karanta sura uku ya ji ya yi ƙoƙari, zuwa azahar babu abin da ya rage masa a ka. Gwana takan karanta abin da aka tsara, amma aya ɗaya tak take ɗauka ta fita da ita. Wani lokaci ma rabin aya.

Yadda ake cusa ayar nan a ka abin kallo ne. A taron Zumuntar Mata na tsakiyar mako, mai koyarwa takan fara da adireshin ayar, wato littafi da sura da lamba, mata su maimaita. Sai ta yanka ayar gunduwa-gunduwa, kowane yanki daidai numfashi ɗaya, ta faɗa su amsa. Ta haɗa yanki na fari da na biyu, su amsa, ta ƙara na uku. Idan ta kammala sai a sake faɗin adireshin, domin ayar da ba a san gidanta ba, ranar da aka neme ta a littafi ba za a same ta ba. Daga nan sai ɓangaren dama su faɗa wa na hagu, na hagu su mayar. Mako mai zuwa za a nuna mace a ce, "Mama, tashi ki ba mu ta makon jiya." Ta wannan hanya tsofaffin da ba su taɓa zama a aji ba suke riƙe da Zabura ta 23 da ta 91 da ta 121 cif, da dogayen sassa na Bisharar Yohanna. Wasu kuwa son karanta Littafin da idonsu ne ya kai su ajin yaƙi da jahilci da furfura a kansu, abin da ya samo asali tun zamanin mishan, lokacin da a wurare da yawa ake son mai neman baftisma ya iya karatu.

Amma hadda kaɗai takan bushe. Abin da ke sa ayar ta rayu har yamma shi ne waƙa, kuma a ganina nan ne ƙolin gwanintar matan nan. Yawancin abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi fassara ce daga waƙoƙin Turawa, an ɗora kalmomin Hausa a kan karin da aka yi wa wani harshe. Muna ƙaunarsu, da su aka binne kakanninmu, amma kunnen mai jin Hausa ya san wani lokaci karin yana jan gaɓar da ya kamata ta gajarce, ko ya ɗaga murya inda maganar take sauka. Matan Zumunta sun bi ta wata hanya. Mai ba da waƙa takan ɗauki ayar ta yi ta faɗinta a bakinta, tana wanke-wanke tana faɗi, tana tafiya tana faɗi, har hawa da saukar maganar da kanta su fara zama kari. Ba ta tilasta wa kalma. Inda Hausa ta ja, waƙar ta ja, inda ta sauka, waƙar ta sauka. Sai ta ware guntun da ya fi nauyi a ayar ta mai da shi amshi, gajere yadda ko yaro zai kama a ji na biyu. Sauran ayar, da bayaninta, da abin da ke damun mata a wannan makon, tsadar masara ko ɗan da ya shiga shaye-shaye, su ne baitocin da ita za ta riƙa jerawa a tsakanin amshi da amshi.

Sannan a kawo kayan kiɗa. Babban tulu na yumɓu, ana bugun bakinsa da faffaɗan soso, shi ke ba da murya mai zurfi da ake ji a ƙirji. Ƙananan tuluna masu huda a gefe ana buga su da tafin hannu. Ga gora mai duwatsu, ga kuge yana yanka lokaci, ga ganga. Duka kayan gida ne da na gargajiya, babu mai bukatar lantarki, saboda haka ɗauke wuta bai taɓa tsayar da Zumunta ba. Ranar Lahadi za su tashi cikin ankonsu, zane iri ɗaya da ɗankwali iri ɗaya, su rera a gaban jama'a, kuma mutane sukan ɗauka nan ne waƙar ta kai inda za ta. Ni kuwa ina ganin ranar Litinin take fara aikinta. Kiɗan da aka ɗora ta a kai kusan kiɗan aiki ne, ya dace da saukar taɓarya, da jan tsintsiya, da cuɗa wanki. Mace ba ta bukatar ta tuna cewa ya kamata ta yi tunanin Allah. Hannunta na motsi, waƙar ta taso da kanta, ayar kuma tana cikinta.

Wannan ya kawo mu ga dabarar da ta fi kowace amfani, wato ɗaure addu'a a jikin aikin da dole ne a yi shi. Tun da babu mai kira, sai a mai da ayyukan yini masu kira. Kunna wuta yana da 'yar addu'arsa. Ɗebo ruwa yana da tasa. Yaro zai fita makaranta, a ɗora masa hannu a ka a ƙofar gida, ko da jimla ɗaya ce. Za a hau mota a tasha zuwa Jos ko Gombe, a tuna Zabura ta 121. An zuba abinci, babu mai sa hannu sai an yi godiya. Cinikin farko ya shigo, "Na gode, Uba." Littafin Maimaitawar Shari'a, a sura ta 6, da ma haka ya tsara wa Isra'ilawa, cewa maganar Allah ta bi su cikin zaman gida da tafiyar hanya da kwanciya da tashi. Abin ya yi kama da goyo. Uwa mai goyo hannuwanta biyu suna kan aiki, idonta yana kan tukunya, bakinta yana ciniki, amma babu daƙiƙar da ta manta akwai rai a bayanta. Ya motsa ta ji, zani ya sassauta ta tsaya ta gyara ɗauri ta ci gaba. Haka gwana take da sanin kasancewar Allah, kuma gyaran ɗaurin nan, komawa da sauri ba tare da dogon zargin kai ba duk lokacin da hankali ya tafi, shi ne abin da ya raba ta da ɗan koyo. Ɗan koyo in ya ga ya yini bai tuna Allah ba sai ya karaya ya ce shi ba na kirki ba ne. Gwana sai ta ce, "Ga ni, Ubangiji, na dawo," ta ci gaba da yankan alayyafonta.

Wannan sani ba a Bauchi ya fara ba. A birnin Faris na Faransa an yi wani tsohon soja da ya shiga gidan sufaye 'yan Karmel, ana kiransa Ɗan'uwa Lorans, ya rasu a 1691. Shekaru da yawa aikinsa girki ne da wanke tukwane, daga baya gyaran takalma, kuma manyan malamai sukan zo wurinsa neman shawara domin ya iya zama da Allah a cikin hayaniyar madafa kamar yadda yake zama da shi a ɗakin sujada. Bayan rasuwarsa aka tattara wasiƙunsa da hirarrakinsa, har yau ana karanta su a harsuna da yawa. Mafi yawan iyayenmu ba su taɓa jin sunansa ba, amma da za a haɗa su da shi a gindin murhu, da sun fahimci juna ba tare da tafinta mai yawa ba.

Kasuwa ce wurin jarrabawa. A Wunti ko Muda Lawal babu wurin durƙuso, babu kuma lokacin rufe ido. Addu'ar da ke aiki a nan ita ce irin ta Nehemiya, mai shayar da sarkin Farisa, wanda sarki ya yi masa tambaya, ya yi addu'a a zuci tsakanin tambayar da amsarsa, sarki bai ma lura ba. Mai saye ya yi tayin wulaƙanci, ko ya faɗi maganar da ta taɓa addini ko ƙabila. Ɗan shirun da gwana take yi kafin ta amsa, numfashi ɗaya ne, a cikinsa take cewa, "Yesu, riƙe mini harshe." Sai ka ji amsar ta fito da sanyi, har da dariya. Wanda bai sani ba zai ce halinta ne haka. Sau da yawa ba halinta ba ne, mace ce mai zafin rai da ta yi shekaru tana horar da wannan numfashi ɗaya.

Sannan ga mudu. Littafin Karin Magana ya yi kashedi a kan ma'aunin zamba fiye da sau ɗaya, kuma matan Zumunta sun ɗauki wannan da gaske. Mudun da ba a buga gindinsa ba, manjan da ba a sirka ba, canjin da aka bi mai shi da shi har bakin titi domin ya manta. Ina ganin wannan sashe ne na addu'ar kanta, domin mace ba za ta iya riƙe zance da Allah a zuci alhali hannunta yana tauye awo ba. Ɗaya zai kori ɗaya. Saboda haka idan aka ce wance tana kusa da Allah, abokan cinikinta Musulmi sukan riga 'yan cocinta sani.

Babu mai iya wannan aiki shi kaɗai, kuma matan sun san haka. Zumunci a ƙafa yake. Ana raba su ƙungiya-ƙungiya bisa unguwanni, kowace da ranar ziyararta: gidan mai jego, gidan gwauruwa, ɗakin marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na ATBU, gidan wadda aka kwana biyu ba a gani a sujada ba. Wannan ɗabi'a ta ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje ta sami ƙarfi sosai daga shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ikkilisiyoyi suka haɗu suka fara a Jos a farkon shekarun 1960, kuma har yau 'yan Sabon Rai suna nan da gangunansu. Ziyara ma tana da gwanintarta. Ba a zuwa hannu sake, ko sabulu ne ko mudun gari. A gidan rasuwa ba a fara da wa'azi. Gwana takan shiga ta zauna a tabarma, ta yi gaisuwa, ta yi shiru. In ta ga tulin kwanuka sai ta tashi ta wanke. Sai can, idan kuka ya lafa, wata ta ɗauko waƙa a hankali, sauran su amsa, sannan a yi addu'a gajeriya. Sabuwar shiga takan so ta yi bayanin dalilin da ya sa Allah ya bar abin ya faru. Tsofaffi sukan taɓa mata gwiwa ta yi shiru, domin sun karanta Littafin Ayuba, sun san abokansa sun fi amfani a kwana bakwai da suka yi ba su ce komai ba.

Akwai kuma lokacin da sama take rufewa. Mace ta yi addu'a ta ji kamar da bango take magana, wata ɗaya, wata shida. Ɗan da aka yi wa azumi ya rasu, mijin da aka roƙa wa shiriya bai shiryu ba. A yau akwai masu koyar da cewa in amsa ba ta zo ba, to bangaskiyarka ce ta gaza, ko muryarka ba ta kai ba, ko baikonka ya yi kaɗan. Wannan koyarwa tana ɓata mini rai, domin na ga yadda take ƙara wa mai ciwo ciwo. Iyayen Zumunta suna da magani mafi gaskiya. Na farko, ba a barin al'ada don zuciya ta yi sanyi, a durƙusa a lokacin da aka saba ko da babu abin faɗi. Na biyu, a ari bakin wani. Cikin Zabura 150 akwai masu yawa da kuka ne da ƙorafi, ta 13 tana tambayar Allah har yaushe, ta 88 ma ta ƙare ba tare da ta'aziyya ba, kuma duk an bar su a cikin Littafin. Mace ta karanta su da ƙarfi, ta san an yarda ta faɗa wa Allah ɓacin ranta. Na uku, a gaya wa 'yar'uwa. "Mama, na kasa addu'a." Amsar da ake bayarwa ita ce, "To zauna, 'yata, mu za mu yi miki har ki samu baki." Kuma suna yi.

Mafi wuya duka ita ce gafara, kuma a Bauchi wannan ba zancen littafi ba ne. Rikicin da ya tashi a Tafawa Ɓalewa a watan Afrilun 1991 ya iso cikin gari, an sake ganin wani bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011, da wasu a tsakani. Kiristoci sun binne nasu, Musulmi sun binne nasu. Tsoro ya sa zama ya rarrabu, masu bi da yawa suka tattara wajen Yelwa, kuma yara suna tasowa ba su san gidajen juna kamar yadda iyayensu suka sani ba. Addu'ar Ubangiji, wadda ake yi kullum, ta ɗaure gafarar da mutum yake nema da wadda shi yake yi wa wasu, saboda haka babu hanyar kewaye ta. Matar da aka ƙone wa shago ba za ta ce maka abin ya wuce a dare ɗaya ba. Abin da take yi shi ne, kowace asuba, idan zagayen addu'arta ya iso kan waɗanda suka cuce ta, ba ta tsallakewa. Da farko da ƙyar sunan yake fita. Takan yi shekara tana faɗi kafin zuciya ta bi baki. Amma ita ce za ka gani ranar Kirsimeti tana aika yaro da kwanon shinkafa da cincin gidan Hajiya, da naman da ta tabbatar Musulmi ne ya yanka don kada ta sa maƙwabta cikin shakka, kuma ranar Babbar Sallah kwanon ya dawo da naman layya. Waɗanda suka ci gaba da zama a unguwannin da aka cakuɗa, irin na tsakiyar gari, suna riƙe da wani abu da dukan jihar take bukata, ko da ba a taɓa kiransu taron zaman lafiya a otal ba.

Da dare sai sujadar iyali. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, yaro ya karanta nassi don a ji ko karatunsa yana gaba, kowa ya faɗi abin godiya ɗaya. In akwai waɗanda suka yi faɗa da rana, a nan ake kashe shi, bisa gargaɗin wasiƙar Afisawa cewa kada fushi ya kwana. Uba ne ya kamata ya jagoranta, kuma akwai iyaye maza masu yi da aminci, amma kowa ya san wadda take kashe talabijin ta tara mutane.

Zamani ya kawo nasa kayan. Kakanni sun saurari gidan rediyon ELWA da ya fara watsa shiri daga Laberiya a 1954, da shirye-shiryen Muryar Bishara da ake ɗauka a Jos. Yanzu Littafi Mai Tsarki na Hausa yana cikin waya, a rubuce da kuma a murya, tsohuwar da idonta ya raunana tana iya sauraron Bisharar Luka tana tsince shinkafa, kuma ƙungiyoyin Zumunta suna tura ayar mako da sanarwar rasuwa ta WhatsApp. Wannan alheri ne. Damuwata ɗaya ce: abin da ke cikin waya ba ya cikin ka, kuma wayar da ke kawo ayar ita ce ke kawo abubuwa ɗari da za su ture ta kafin a gama karantawa. Yarinyar da ta dogara da waya, ranar da caji ya ƙare a layin asibiti ba ta da abin riƙewa. Kakarta kuwa tana da Zabura a baki.

Shi ya sa nake jin daɗin ganin har yanzu ana koyar da abin hannu da hannu. Idan aka ɗaura aure a coci, matan Zumunta sukan raka amarya, su yi mata nasiha, kuma ba da daɗewa ba a karɓe ta cikin ƙungiya, ta ɗinka ankonta. Ba a ba ta waƙa ta ja tun farko. Takan fara da amshi da kaɗa gora a sahun baya, kusa da wata dattijuwa da za ta riƙa lura da ita, ta leƙa gidanta, ta tambaye ta yadda take tashi da yadda take kwanciya. Wata rana kuma uwar Zumunta ta juyo ta ce, "'Yata, yau ke za ki buɗe mana da addu'a."

"Mama, ban iya ba."

"Fara da godiya. Sannan ki faɗa masa abin da ya hana ki barci jiya. In kin gama ki ce a cikin sunan Yesu, mu za mu ce amin."

Muryarta za ta yi rawa, ta yi jimla huɗu ko biyar ta tsaya, mata su amsa da ƙarfi. Kafin a tashi za a ba ta ayar mako, a kuma haɗa ta da mata biyu da za su je gaida mai jego ranar Alhamis, a gaya mata ita ce za ta kawo sabulu.